Hayaƙin da Ba Ya Tsayawa a Magama

A Magama, inda hanyar Katsina ta ratsa Jibiya ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, akwai wani dattijo mai sayar da fetur a kwalba. Yana cikin waɗanda ambaliyar watan Yuli na 2018 ta rushe wa gida, wato ruwan daren nan da ya ci rayuka fiye da 40 a Jibiya. Da ɗansa ya dawo hutu daga makaranta, sai ya gaya masa cewa hayaƙin mai da ake ƙonawa shi ke ɗumama duniya, yana kuma ƙara wa ruwan sama ƙarfi. Dattijon ya daɗe yana duban kwalabensa, kana ya ce, "Ashe ke nan da hannuna a ciki?"

Tambaya ce ta mai tsoron Allah, amma lissafi bai ɗora masa nauyin da ya ɗora wa kansa ba. Idan aka auna iskar kabon da ke fita daga ƙona mai da gas da kwal, mutumin Amurka guda yana fitar da wajen tan 14 a shekara. Ɗan Nijeriya bai cika tan ɗaya ba, hasali ma kaɗan ya ɗara rabi. Shi kuwa mutumin Ɗan Isa da ke zuwa cin kasuwar Jibiya, rabon ƙasarsu wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne ga kowane mutum. Wato abin da zai fitar daga damina zuwa damina, Ba'amurke ya gama da shi cikin kwana uku.

To, ba ma nan gizo ke saƙar ba. Wannan iska ba kamar hayaƙin murhu take ba, da zai watse kafin tuwo ya nuna. Takan zauna a sama ɗaruruwan shekaru. Saboda haka tsohon bashi ne ke bin duniya. Ingila ta fara ƙona kwal gadan-gadan tun kafin jihadin Shehu na 1804, lokacin da fataken Katsina ba su san wani inji ba sai jaki da raƙumi. In aka tara duk abin da aka fitar daga wancan zamani, Amurka kaɗai na da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, Afirka kuwa gaba ɗayanta wajen kashi 3 cikin ɗari.

Gaskiya ne al'amarin yana juyawa. Sin ta wuce Amurka a yawan abin da take fitarwa kowace shekara tun wajen 2006, Ingila kuma ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ba da lantarki da kwal a 2024. Sai dai wanda ya ƙoshi ba ya shan wahalar tsame hannu daga akushi. Sun riga sun gina hanyoyi da asibitoci da wannan wuta, sa'an nan suka yi alkawari a 2009 za su riƙa ba matalautan ƙasashe dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, alkawarin da bai cika a kan lokaci ba. Nijeriya ma ba ta fita fes ba, domin har yau ana ƙona gas a banza a yankin Neja-Delta, kuma ginin da aka yi kan hanyar ruwa yana da nasa kason a ɓarnar ambaliya.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an rufe iyakar, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Manyan motoci suka yi layi a Magama, injinansu a kashe, cinikin dattijon ya yi ƙasa. A waɗannan watanni bai sayar da rabin abin da ya saba ba, kuma da bazara ta kama, zafin da ya sha bai ragu da komai ba.