Dokin Kara a Titin Zango

Idan aka gama girbi a ƙasar Damagaram, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, abin da ke saura a gona shi ne kara. Manya ba sa ganin komai a jikinsa sai shinge da makamashi. Mu kuwa yaran Zango na wancan zamani dukiya muke gani zube a ƙasa. 'Yar wuƙa kawai kake bukata. Ka fere ɓawon karan siriri-siriri, ka yayyanka totuwar, ka soke wannan cikin wancan, kafin la'asar ka mallaki tabarau da agogon hannu da mota mai ƙafa huɗu. Wanda hannunsa ya faɗa har na'urar ɗaukar hoto yake ƙerawa, ya rataya a wuya yana bin mutane yana cewa su tsaya cik.

Abin da muke yi a ƙofar gida wasan yara ne. Na manya shi ne wasan kara na sosai, wanda garin nan ya yi suna da shi har Inoussa Ousseini ya ɗauke shi a fim a 1980. Samarin gari ne ke kafa gwamnatinsu ta kwana kaɗan. A naɗa sarki da fadawansa, a naɗa alƙali, a samo wanda zai zama shugaban ƙasa da ministocinsa, ga sojoji da bindigogin kara, ga mahaya bisa dawakin kara suna sukuwa da ƙafafunsu. Ba a zaɓen mutum sai an ga ya ɗauko wani abu na wanda zai kwaikwaya: tsawo, ko sanƙo, ko yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana. Masu mulkin gaske kuma sukan zo su zauna a kujera su kalli kansu.

Kawuna baduku ne, yini yake a zaune cikin warin jima yana ɗinkin jaka da alabe, mutum mai sanyin magana wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa. Shi ake ba kumandan. Tun saura mako guda zai fara gwaji a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ya goya hannu a baya, ya turo ƙirji, ya ɗaga haɓa, ya riƙa taku ɗai-ɗai kamar mai ƙidaya ƙasa. Innata tana gefen murhu tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Yaya, ka rufa mana asiri, kada a zo a tafi da kai." Shi ko ba ya ko murmushi. Sai ya juyo ya dube ta da wani ido da ban taɓa sanin yana da shi ba, ya saki wani Faransanci na ƙarya, ba kalma ɗaya ta gaske a ciki, amma sautin ya fito daidai har tsigar jikina ta tashi.

Abin da na daɗe ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, rabin kumandancin nan ba a jikin kawu yake ba, a hammatar mai kalangu yake. Kowane babba a wasan yana da takensa. Kana can bayan taro, ba ka ganin komai sai rawunan mutane, amma da kiɗa ya juya ka san wanda ya shigo fage. Kalangu ya yi ƙasa da murya ya ja a hankali, alƙali ne. Ya tsinke da sauri kamar ana korar kaza, gardi ne ya biyo talaka. Zabiya kuma tana gefe, ita ke faɗin abin da ɗan wasa ba zai faɗa da bakinsa ba, 'yan mata suna amsawa da tafi. Da za ka cire kiɗan da waƙar, abin da zai saura maza ne manya riƙe da kara suna zagaya fili.

Haka muka taso muka ga labari, da kiɗa a jikinsa. A watan azumi, da an sha ruwa goma, mu ne ke bin gida-gida da tashe, ɗaya ya liƙa gemun auduga ya duƙa bisa sanda, saura suna bugun gwangwani suna amshi, a ba mu hatsi ko dala. Daga Birni kuma, in iska ta juyo, kana jin kakaki da algaita na ƙofar fada. Tsofaffi suna ba da labarin Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, da waƙar da ya yi wa Bodo, Baturen nan da ya gasa wa talakawa aya a hannu da aikin tilas zamanin yaƙin duniya na biyu. Waƙar kanta wasan kwaikwayo ce a bakin mutum ɗaya: ga mai ba da umarni, ga masu shan wuya, ga mai kallo yana ba da labari.

Sai zamanin Seyni Kountché ya zo. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin soja ta tayar da samariya a kowace unguwa da kowane ƙauye, kuma daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagaya manyan garuruwa a watan Afrilu. Jihohi bakwai ke karawa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Akwai gasar waƙa, akwai ta kiɗa, akwai teyatur, akwai kuma wanda muke kira bale, wato labari cikakke da ake bayarwa da rawa da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Kafin a kai ga babban bikin sai an yi tankaɗe da rairaya, unguwa ta kara da unguwa, gunduma da gunduma. Watanni ake yi ana shiri.

Yayata tana cikin 'yan amshin unguwarmu. Shigarta ba ta zo da sauƙi ba. Sai da shugabar 'yan matan samariya ta tako har zaure, ta durƙusa ta gaida mahaifinmu, ta ce, "Baba, aron muryar 'yarka muka zo." Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Kafin goma ta dare tana gida, kuma ƙanenta ya raka ta." Ni ne ƙanen. Wannan sharaɗi shi ya ba ni kujerar da babu mai kuɗin da ya taɓa samun irinta: gindin bango a filin samariya, cikin ɗarin hunturu, na ƙudundune a zanen innata, dare bayan dare.

A nan na ga yadda ake gina abin. Babu takarda ko ɗaya. Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, shi ke jagora, ya tsaya a tsakiya ya ce ga labarin: fari ya auka wa gari, samari sun tsere kudu ci-rani, budurwa ta ƙi wanda aka ba ta tana jiran wanda ya tafi. Shi ke nan. Sauran kowa ya kawo nasa. Zabiya ta gwada baiti, mai ganga ya ce bai hau kiɗa ba, ta sauya kalma ɗaya, ya hau. Masu rawa su nemo takun da zai nuna noma ba tare da an riƙe hauya ba. Akwai wani dare da aka shafe fiye da sa'a guda ana gardama kan wurin da budurwar za ta daina magana ta fara waƙa. Mushe yana so ta gama yi wa uwarta bayani tukuna. Zabiya ta ce a'a, ai inda bayani ya gagare ta nan ne waƙa za ta karɓa, in ta iya faɗi da baki me za ta rera? Zabiya ce ta ci. Ran da aka nuna wasan, daidai wurin nan na ga dattijuwa a gabana ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba zan ɓoye ba, samariya hannun gwamnati ce, kuma da yawan wasannin saƙon hukuma suke ɗauke da shi: a dasa itace, a kai yara lakwal, a haɗa kai. Wasu sun fito a bushe kamar sanarwar rediyo. Amma gwanaye sun san yadda ake zuba wa saƙon romo, har su saƙa nasu a ƙarƙashi, mai kunne ya ji. Ƙungiyar Yazi Dogo ta nan Damagaram ita ce ta kai wannan gwaninta ƙololuwa. Shi Yazi malamin makaranta ne ɗan Dogon Dutsi, aiki ya kawo shi garinmu, shi da abokan wasansa suka riƙa fito da alhazai masu fankama da ma'aikata masu cin hanci da auren dole, su ma ba da rubutaccen zance ba. Da tele ta ƙasa ta soma aiki a ƙarshen shekarun 1970, akwati ɗaya ke ciyar da unguwa guda. In an ce yau akwai teyatur, mai tsire ma sai ya matso da tukubarsa kusa. Har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta zauna ta yi nazarin wasannin, littafinta ya fito a 1987.

Abin da ya tono mini duk wannan, ɗan ƙanwata ne da ke karatu a Yamai. Ya zo hutu, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi irin balen Amurkawa." Wani tsohon wasa ne mai suna Show Boat, wanda aka fara nunawa a birnin Niyok ranar 27 ga Disamba 1927. Jerome Kern ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein ya rubuta zance da waƙoƙin, daga littafin da Edna Ferber ta fitar a 1926. Labarin 'yan wasa ne da ke yawo cikin jirgin ruwa a kogin Misisifi, suna tsayawa gari-gari suna nuna wasa. Magnolia, 'yar mai jirgin, ta auri ɗan caca, ya kai ta Shikago, dukiya ta ƙare ya gudu ya bar ta da 'ya. Julie kuma, tauraruwar jirgin, aka tona cewa tana da jinin baƙar fata alhali mijinta fari ne, abin da dokar wurin ta haramta, dole suka bar jirgin. Shekara arba'in labarin ya ratsa. A gefe ga baƙaƙen leburori masu dakon auduga, ɗayansu yana rera wa kogin waƙa, wadda Paul Robeson ya yi suna da ita a Landan a 1928 da kuma fim ɗin 1936.

Masana wasan Amurka suna girmama shi ne don kafinsa yawancin irin waɗannan wasanni tarkacen raha ne da rawa, waƙa ba ruwanta da labari. Shi ne ya nuna musu waƙa za ta iya ɗaukar nauyin baƙin ciki ta tura labari gaba. Ina jin haka sai zabiyar unguwarmu ta faɗo mini a rai, tsaye cikin ƙura da ɗankwali a ɗaure a ƙugu, tana yi wa mushe gardama. Ba ta taɓa jin sunan Niyok ba.

Wani abu kuma ya taɓa ni: shi kansa Show Boat waiwaye ne. Lokacin da aka rubuta shi, zamanin jiragen wasa ya riga ya karkata, silima ta fara cinye kasuwarsu. Sai dai su sun sa nasu a takarda, kowane baiti da kowane bugu, shi ya sa bayan kusan shekara ɗari yaro a Yamai zai iya ciro shi daga aljihu. Mu ma muna da wanda ya rubuta. André Salifou, haifaffen garin nan a 1942, ya rubuta wasan Tanimoune a kan Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya sa aka ƙera igwa a Damagaram, aka buga shi a 1973. Daga aikinsa ne kuma Mahamane Bakabé ya yi fim a 1982 a kan yunƙurin da aka shirya wa Faransawa a 1906. Waɗannan suna nan. Amma da Faransanci Tanimoune yake, kuma balen unguwanni da nake magana, ɗaruruwansu, a cikin kawunan mutane kawai aka ajiye su.

Kountché ya rasu a Nuwamba 1987, bikin ya riƙa ja da baya, samariya ta watse da zuwan jam'iyyu. Bidiyo ya shigo, finafinan Indiya da na Kano suka cika zauruka, su ma da waƙa da rawa a tsakiyar labari, abin da ya sa ban yi mamakin yadda mutanenmu suka rungume su ba. Kawuna baduku ya koma ga Mahaliccinsa, mai kalangunsa ma haka, Allah ya jiƙansu.

Bayan tafiyar yaron na je gidan yayata. Jikoki sun kewaye ta, tana tsince shinkafa a faifai. Na ce, "Yaya, kina tuna balen nan na budurwa mai jiran ɗan ci-rani?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Me ya tuno maka?" Ta ajiye faifan. Baitocin zabiya sun tafi tare da mai su, ita amshi kawai ta riƙe, don shi aka ba ta. Shi ta rera mini, da muryar da ta dushe amma ba ta kauce ba. In ta kai ƙarshen amshin sai ta yi shiru, tana buga cinya da tafin hannu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, daidai tsawon baitin da zabiya za ta yi, sannan ta sake ɗauka. Sau shida ta yi haka. Wata 'yar jikarta da ke zaune a gefen tabarma ta fara tafi a cikin gurbin.