Allurar Golf ɗinmu ta koma 90

Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka saye ta, Golf 3 mai dogon baya, da ribar citta ta wata shekara da kasuwa ta yi kyau. Yanzu saura mu uku. Ɗayanmu Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya biyar, kuma tun ranar sadakar bakwai muka yanke cewa kasonsa ba zai motsa ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci direba ya kawo balas, kashi huɗu ake yi, ɗaya a aika gidan marayu. Don haka in motar nan ta kwana a gareji, ba mu kaɗai ke ji a jika ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Fadan Kagoma yana jiran motar Kafanchan ko ta Kwoi ya san irinta. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf 3 a 1991, ke nan ta girmi direban namu. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.8, bawul takwas, ƙarfin doki 90. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kan kuwa, wanda kanikawa ke cewa tof, na alminiyum ne. Baƙin man da yake sha a juye ɗaya bai cika lita 4 ba. Ba shi da tarkacen wayoyi irin na motocin yanzu, ga kayansa birjik, abin da ba a samu a Kafanchan ba za a samu a Panteka ta Kaduna. An ƙera ta don mutum biyar da jakunkunansu, mu kuwa, Allah ya yafe mana, mutum bakwai muke dannawa, ga buhunan citta a baya har ƙofa ba ta rufuwa. Ta jure duk wannan shekara da shekaru.

Abin da ya kayar da ita tun ranar farko muka shuka shi. Muna karɓo ta muka kai wa wani bakanike ya duba, ya ce motar Turai ce, an yi ta don ƙasar ƙanƙara, dole a cire mata tamostat a kuma haɗa fanka kai tsaye, ana murza makulli ta hau juyawa. Kowa haka yake yi, mu ma muka ce a yi. Koren ruwan da ta zo da shi ya ƙare, muka ci gaba da ɗura mata na rijiya. Murfin tulun ruwa ya tsage, aka naɗe da leda. Allurar zafi kullum tana kwance a ƙasa, mu kuma muna ta murna, wai motarmu ba ta zafi.

Ranar da abin ya faru fankar ce ta mutu a hanya, ta gaji da juyin da ba hutu. Direba ya riga ya daina kallon allura tunda ba ta taɓa gaya masa komai ba, sai da tururi ya turnuƙe bonet sannan ya tsaya. Ya samo ruwan sanyi a rafi ya kwarara wa inji mai zafi. Gasket ta ƙone, tof ya lanƙwashe, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Sati shida tana kan dutse. Juma'a shida muna haɗa ɗan abin da ya samu daga aljihunmu muna aikawa, matar marigayi ba ta taɓa tambaya ba, shirun nata ya fi komai yi mana nauyi.

Wani dattijon bakanike a Kafanchan, wanda ya fara koyon aiki tun zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, shi ya karɓi aikin. Ya ɗaga lagireto ya girgiza, jan tsatsa ya zubo kamar kunun kanwa.

"Alhaji, wa ya cire mata tamostat?"

Muka ce, "Baba, ai cewa aka yi ƙasarmu da zafi."

Ya ce, "To ku da sanyin hunturu ke hana ku wankan asuba a garin nan, ita ba ta ji?"

Sannan ya zaunar da mu ya yi mana karatu. Injin nan an gina shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Tamostat ƙofa ce kawai: tana tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, in ya kusa kaiwa can sai ta buɗe ya zagaya lagireto. In babu ita, inji yakan daɗe da sanyi, na'urar da ke auna zafin ruwa ta riƙa gaya wa injekta a ƙaro fetur, feturin da bai ƙone ba ya wanke man jikin silinda, zobban fistin su ci da wuri. Ke nan tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 muke ta kukan tsadar fetur, alhali da hannunmu muka sa ta shan wanda ba ta buƙata. Murfin tulu kuma da muka raina, shi ke riƙe matsi a ciki don kada ruwa ya tafasa da wuri. Ruwan rijiya yana cin alminiyum, yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ya nuna mana wani bakin roba da ke jikin tof inda tiyo ke shiga, ya ce wannan in ya tsufa tsagewa yake yi ya riƙa ɗiga a ɓoye, mu riƙa leƙa shi.

An kai tof an goge shi, an sa sabuwar gasket, tamostat, murfi, da makunnin da ke tayar da fanka in zafi ya kai. Tunda an riga an buɗe, muka ce a canza bel ɗin taimin gaba ɗaya, don ba wanda ya san shekarunsa. Juye kuma ba ma jiran kilomita 15,000 na Turai, da ƙurar hanyoyinmu a 5,000 muke yi, tare da filta, kuma a galan mai hatimi, mun bar na awo a kwalba. Akwai littafi a aljihun gaban mota, direba na rubuta ranar kowane juye.

Gardama ɗaya ce ba mu gama ba. Babbanmu yana so a cire injekta a sa kafireto, wai kowane yaron gareji zai iya gyara ta ko a tsakiyar daji. Yana da gaskiyarsa. Mu biyun muna ganin tunda Baba ya iya wannan, a bar ta yadda aka ƙera ta, sai ranar da ta gagara.

Yanzu allura na hawa ta tsaya cak a 90. Satin farko direba ya kira mu sau uku a firgice, kuma har yau akan samu fasinjan gaba ya leƙa ya ce, "Direba, motarka fa ta yi zafi." Juma'ar da ta wuce kashi huɗu aka yi, ƙaramin yaron marigayi ne ya zo karɓa.