Fada bai ce ya sa hannu ba, bai ce kar ya sa ba

Jama'a, tun da aka fara kaɗa gangar 2027 nake ganin hotunan malamai da fastoci a gidajen 'yan siyasa, sai na tuna da wani abu da ya faru a ofishinmu bara.

Akwai abokin aikina ɗan ɗarikar Katolika, shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya. Ni daga cikin birni nake fitowa ta Kofar Doka, shi daga Sabon Gari, kusa da babban cocinsu na Christ the King. Wata rana aka ajiye masa takardar biyan kuɗin wani aiki da ni da shi mun san ko bulo ɗaya ba a aza ba. Aka ce ya sa hannu kafin Juma'a. Yaransa uku a makaranta, ga ƙarin girma da yake jira.

Da safiyar Alhamis na ga idonsa ya yi ja. Na ce, "Oga, ba ka yi barci ba?" Ya ce, "Malam, wurin Fada na je jiya, na ɗauka zai yanke min." Fadan ya saurare shi kusan awa guda, ya gaya masa ƙarara cewa cin dukiyar jama'a zunubi ne. Amma da ya tambaya ko ya ƙi sa hannu ko da za a kore shi, sai ya ce masa wannan tsakaninsa ne da lamirinsa, shi zai tsaya gaban Allah da hannun nan.

Wallahi a lokacin haushin Fadan na ji. Mutum ya zo maka a ruɗe, ka mayar masa da kayansa? Daga baya abokin nawa ya yi min bayani cewa a koyarwarsu coci tana tarbiyyar lamiri, tana nuna iyaka, amma wajibi ne mutum ya bi abin da ya tabbata a zuciyarsa daidai ne. Dokar cocin ma ta hana limamansu shiga harkar jam'iyya dumu-dumu.

Ba wai su ma sun tsira ba fa. Ku tuna Fada Ejike Mbaka na Enugu, wanda ya tallata Buhari a zaɓen 2015. A watan Mayun 2021 da aka kwana ba a gan shi ba, mabiyansa suka yi wa gidan bishop ɗinsu tsinke, suka yi ɓarna. A Yunin 2022 ya kira Peter Obi marowaci a kan mumbari, Bishop Callistus Onaga ya hana 'yan Katolika zuwa wurin ibadarsa. Mutane suka rabu, wasu na bishop, wasu na Mbaka. Kaɗan ne na ji sun ce bari in yi nawa tunanin.

Mu ma nan haka muke. Ranar zaɓe na ga mai digiri biyu a kan layi yana buga waya yana tambayar wa malam ya ce a zaɓa. Girmama malamai dole ne, a gabansu muka yi karatu a zaurukan birnin nan, amma da yawanmu so muke a ɗauke mana nauyi, in abu ya lalace mu ce ai malam ne ya ce. Ni kaina na taɓa yi, ba zan ɓoye ba.

Abokina dai bai sa hannu ba. Ba a kore shi ba, an mayar da shi ɗakin ajiyar fayiloli, inda ko fanka babu. Wani ya sa hannu, kuɗin suka fita. Ƙarin girman har yau shiru. Takardar ta biyo ta teburina kafin ta isa wurin wancan, na ce ba hurumina ba ne, na tura ta gaba.