Makankarin Da Ke Ɗauke Da Wata Da Tauraro

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma maganar wani guntun katako na zo muku da ita.

A yawancin labaranmu idan kafinta ya shigo abu biyu yake yi, ya buga ƙusa ya ja zarto, daga nan sai a wuce zancen budurwa. Ni kuwa wata uku ke nan ina fama da gajeren labari a kan kakana, wanda ya yi aikin kafinta da ma'aikatan jirgin ƙasa tun zamanin Turawa, ya kuma rasu kafin a haife ni. Ina so in nuna shi yana aiki, hannunsa a kan wani abu takamaimai. Kayan aikinsa duk sun watse, saura guda ɗaya da kakarmu Hajiya ta naɗe a tsohon zane ta ajiye a ƙasan adaka. A gidanmu kowa ya san labarinsa: daga ƙasar Larabawa ya zo, shaida kuwa ga wata da tauraro nan a goshinsa. Aikin da yake yi ne dai ba wanda ya taɓa faɗa.

Makankarin katako ne, amma bai yi kama da na ƙarfen nan mai faɗi da kuke gani a shagon kafinta ba. Siriri ne, tsawonsa inci tara da rabi, jikinsa duk itace, ya yi baƙi saboda gumin hannu. Wani siririn ƙarfe ya ratsa shi a karkace daga sama zuwa ƙasa, an matse shi da ɗan katako. Bakin da ɓawo ke fita a gefe yake. Abin da ya bambanta shi yana ƙasansa: wani ɗan tudu zagayayye, bai kai kaurin fensir ba, ya bi tsawonsa, da kafaɗa a gefe guda, da wani shinge da ya sauko ƙasa a ɗaya gefen.

Na fara da tambarin. Da na goge goshin da ɗan mai, sai haruffa suka fito kusa da watan: A. MATHIESON & SON, GLASGOW. Kamfanin masu ƙera kayan kafinta ne a birnin Gilasgo na Sikotland, wanda Alexander Mathieson ya kafa a 1822. Masana'antarsu sunanta Saracen Tool Works, kuma Sarasin suna ne da Turawan da suke kiran Larabawa da Musulmi da shi. Wata da tauraro alamar kasuwancinsu ce. Wato Hajiya ta karanta alamar daidai, ta ga abin da ke wurin, hanyar da alamar ta biyo ce ta fi yadda ake zato nisa. Da na yi mata bayani cewa ta yi, "To ai ko Bature ne ya ƙera, kakanka ne ya riƙe." Ban ƙara komai ba.

Sanin wanda ya ƙera abu daban, sanin aikinsa daban. Irin waɗannan makankarai dangi ne babba. Kafin injuna su karɓe aikin, kafintan Birtaniya yakan tara su da dama a akwatinsa, domin kowanne siffa ɗaya tak yake fitarwa a gefen katako. Akwai na ado, akwai na haɗa katako biyu su shiga juna, akwai na firam ɗin taga, akwai na bakin matakala. Da itacen da suke kira bic ake yin jikinsu, wani lokaci a dasa wani itace mai launin rawaya da ya fi tauri a wurin da ya fi saurin cinyewa. Ƙa'idar karanta su guda ce, ƙasan makankari kishiyar abin da yake yankawa ne. Inda ya yi tudu rami zai haƙa, inda ya yi rami tudu zai bari.

Saboda haka na samo yumɓu, na baje shi, na danna ƙasan makankarin a kai. Abin da ya fito ɗan kwari ne siriri mai zagayayyen ciki. Daga nan na shiga cire waɗanda ba su dace ba. Wanda ke fitar da zaren ado a bakin katako cikinsa rami ne, wannan kuwa tudu ne. Wanda ke haƙa gurbin da wani katako zai shiga bakin ƙarfensa a miƙe yake mai kusurwa, wannan kuwa a zagaye. Masu zagayayyen ƙasa da ake sassaƙa ado da su ba su da shinge, hannu ne ke jagorantar su yadda aka ga dama. Nawa yana da shinge da ke hana shi matsawa daga bakin katako, da kafaɗar da ke tsayar da shi idan ya kai zurfinsa. Ke nan an yi shi ne don rami ɗaya, a wuri ɗaya, a maimaita shi sau ɗari ba tare da tunani ba.

Na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, wanda idonsa ya fara rauni. Ya juya shi, ya bi tudun da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, a ina ka samo wannan?" Na ce, "Na kakana ne, Baba." Sai ya ce in je in sa hannu a ƙarƙashin katakon gindin taga na tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi, in dawo in faɗa masa abin da na ji.

Tun kafin in isa zanen ya faɗo mini a rai, don mun yi shi a darasin zanen gini lokacin difloma, wani ɗan rabin da'ira da ake sawa a ƙasan gindin taga, wanda muke kwafa don a ba mu maki. Na durƙusa, na shafa, sai yatsana ya faɗa cikin kwarin, fenti ya kusa cike shi amma yana nan.

Ga aikinsa. Ruwa yana da halin liƙewa. Idan ruwan sama ya gangaro daga taga ya iso bakin katakon da ya turo waje, ba duka ke zuba ƙasa ba, wani yakan lanƙwaso ya bi ta ƙarƙashi har ya isa bango, ya jiƙa shi, ya ruɓar da katakon. Idan aka haƙa ɗan kwari a ƙarƙashin, kusa da baki, ruwan yana zuwa nan sai ya kasa hawa cikinsa, ya taru ya ɗiga ƙasa nesa da bango. A gari mai yawan ruwa irin Gilasgo wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa har aka ware masa makankarinsa. Maginanmu na gargajiya sun san damuwar, abin da ya sa suke turo indararo nesa da jikin soro ke nan. Ni a ganina wannan ɗan ramin ya fi duk wani adon taga daraja, ga shi kuma a inda ido ba ya kaiwa aka ɓoye shi. Ku duba gine-ginen yau da yawa, za ku ga baƙin zane ya sauko a bango daga kusurwar kowace taga. Sau da dama rashinsa ne.

Gani ya kori ji, don haka na koma wurin Baba muka gwada. Ya bugi bayan makankarin da ƙaramar guduma, ɗan katakon matsin ya saki, ya zaro ƙarfen ya wasa shi a dutse, ya mayar. Ya ɗaure wani falanki, ya jingina shingen da bakinsa, ya fara daga can ƙarshe da gajerun turi, yana ja da baya kaɗan-kaɗan har turin ya cinye tsawon katakon. Ɓawon ya riƙa fitowa ta gefe siriri a murɗe kamar taliya. Can sai ƙarfen ya daina ci don kansa, kafaɗar ta zauna a kan katako. Muka kifa falankin, muka karkata shi kaɗan, na tsiyaya ruwan buta a samansa. Ruwan ya lanƙwaso ta ƙasa, ya iso kwarin, ya jeru ɗigo-ɗigo yana faɗuwa a ƙasa. Bayan kwarin katakon a bushe yake.