Saura Mutum Ɗaya

Doguwar Fijo 504 mutum bakwai Faransawa suka ƙera ta ta ɗauka. A tashar Dogon Dutsi tara take ci ban da direba: biyu gaba, huɗu tsakiya, uku baya. Yara ba sa shiga lissafi, cinyar uwa ce kujerarsu. Sama kuwa buhunan wake ne da gero da naɗin tabarmi, wani lokaci da akuya a ɗaure tana kuka har Doso. Ni da nake karen motar kawuna a hutun lakwal, ƙarshen shekarun 1980, ba ni da wurin zama tsayayye. In an yi sa'a in lafe a baya cikin kaya. In lodi ya yi lodi sai kawu ya matsa, in shige tsakaninsa da ƙofa, ya riƙa tuƙi a karkace, kafaɗarsa a ƙirjin fasinjan gaba. Aikina in ɗaure kaya, in zuba ruwa a lagireto, in sa dutse a bayan taya in mun tsaya a gangare, in kuma buɗe maƙogwaro a tasha: "Doso, Doso, saura mutum ɗaya!" ko da saura huɗu.

Kawu ba mahaukaci ba ne, wannan nake so a fara sani. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya wuce sallah, ba ya dukan yaro. Amma in ya hau gudron sai ya zama wani. Yana wuce babbar mota a kan kwana. Yana kashe inji a gangare ya bar motar ta sulale don a rage shan mai, ya tayar da ita da giya a ƙasan tudu. Yana tafiyar dare da fitila ɗaya. Burki kuwa sai ya taka sau biyu ko uku kafin ya kama, ya saba da hakan har ƙafarsa na yi da kanta.

Sai da na girma na gane lissafi ne ke tuƙa shi. Motar ta wani alhaji ce ɗan kasuwa, kuma kowace yamma akwai adadin da aka yanka wa kawu ya kai masa, an samu fasinja ko ba a samu ba. Daga abin da ya rage za a sha mai, a sallami ɗan kamasho, a biya kuɗin tasha, a ajiye na masu shinge a hanya, sannan a ga ko cefane zai fita. Sai kuma dokar layi. Motar da ta riga shiga tasha ita ke riga yin lodi. Tsakanin Dutsi da Doso kusan kilomita 140 ne, kuma duk motar da ta wuce ka a hanya ta shiga gabanka a layin dawowa. In ka yi sanyi, ka kwana Doso bisa tabarma kana jiran lodin gobe, alhaji kuma na jiran kuɗinsa na yau. Saboda haka in kawu ya hango wata Fijo a madubi, ba ya tunanin rai, layi yake gani.

Mu ma fasinjoji da hannunmu a ciki, kuma ba a cika faɗin wannan ba. Direban da ya yi suna a tasha shi ne mai wuta. Samari na kiran sunansa, 'yan kasuwa masu sammakon cin kasuwa na jiran motarsa ko da ba ita ce a layi ba. Wanda ke tafiya a hankali kuwa sai a ce ya tsufa, ko motarsa ta mutu. Na sha jin wani daga kujerar baya ya ɗaga murya: "Direba, gawa munka ɗauko ne? Taka mata mana!" Wata rana wata tsohuwa 'yar Matankari ta dafa kafaɗar kawu ta ce, "Ɗana, don Allah sannu-sannu, marayu na baro gida." Kafin ya buɗe baki wani mai rawani ya riga shi: "Haba Inna, in kwana ya ƙare ko bisa gado kike sai kin tahi." Aka yi dariya. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ƙara cewa komai ba har muka isa.

Barci shi ne babban abokin gaba. Ranakun kasuwa kawu kan tashi tun kafin asuba, ya yi sawu biyu ko uku, ya dawo bayan isha'i. Maganinsa goro ne da shayi mai ɗaci da kofi, wanda yakan zuba garinsa a tafin hannu ya lashe ba ruwa. In idonsa ya fara lumshewa aikina ne in ja shi da hira, ko in canza kaset. Wasu abokansa har ƙwayoyi suke sha, irin waɗanda masu talla ke yawo da su a faranti, kuma kowa a tasha ya san mai sha daga jan idonsa da yawan surutunsa.

Ga kuma mai. Iyakar Najeriya na nan kusa, ta wajen Tibiri da Dumega ka leƙa ka ga ƙasar Kabi, Bacaka da Kangiwa. A lokacin fetur ɗin can ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba, shi ya sa ruwa-ruwa, wato man sumoga, ya zama abincin motocinmu. Jarka biyu ko uku muke ɗauka a bayan kujerar ƙarshe, an toshe bakinsu da leda da tsumma, suna tsiyaya a hankali, fasinja na gefe na kunna taba. Ni nake zuƙo man da tiyo in juye a tanki, ɗanɗanonsa na wuni a bakina.

Haɗarin da na gani da idona ba namu ba ne. Wani abokin kawu ne, saurayi da bai daɗe da aure ba, ya wuce mu da magariba bayan mun bar Kore Mairuwa, ya danna mana oda yana ɗaga hannu. Ba mu yi nisa ba muka tarar da ƙura ta tokare hanya. Amalanken jaki ne ya hau gudron ba fitila, ya kauce masa, tayar gaba ta fashe, motar ta yi ta wuntsilawa har cikin gonar gero. Da muka sauka tayar baya ɗaya na juyawa a sama. Wake ya watsu a kan kwalta, mutane na zamewa a kai suna gudu. Na tsinci takalmin roba na ƙaramin yaro na riƙe, ban san wa zan ba. Ba salula a lokacin, ba motar ɗaukar marasa lafiya da za ta zo. Kawu ya sauke fasinjojinmu a bakin hanya, muka kwantar da kujeru, muka jera masu rai zuwa likitar Dutsi. Masu karaya mai tsanani daga baya aka wuce da su Doso, wasu danginsu suka kai su Galmi, wasu kuma wurin maɗori a ƙauye. Direban bai kai gari ba.

Washegari na koma wurin da kawu don a jawo motar. Ya durƙusa ya duba tayar da ta fashe. Ta suɗe sumul, zaren ƙarfe ya fito fili a gefe guda, an kuma cusa mata yankin wata tsohuwar taya daga ciki. Kawu ya shafa ta da hannu ya miƙe. Tayarmu ta hagu haka take, mu biyun mun sani.

A wurin zaman makoki ba wanda ya ambaci taya. Maganar da ta cika rumfa ita ce wurin ba shi da kyau, ba yau ya fara cin mutane ba. Wani ya ce an sha ganin wata mace mai kyau tana tsayar da mota a nan da dare, in direba ya waiga sai ta ɓace. Wani ya ce gudron ya ratsa ta gidan iskoki ne, su kuma ba su yafe ba. Wanda bai san yankinmu na Arewa ba zai ce camfi ne kawai, amma ƙasar Lugu da Bagaji ce, ƙasar Sarauniya da Baura, inda kowane dutse da kowace tsamiya ke da mai ita. Tsofaffinmu kuma sun tuna yadda aka fara hanyar: aikin dole na zamanin Nasara, a kwashi maza daga gonakinsu su fasa dutse su ɗauki marmara a ka, ana tsaye kansu da bulala, har sai da aka soke aikin tilas a 1946. Hanyar da aka haifa da kuka, ba abin mamaki ba ne a ce tana shan jini. Wata masaniyar al'adu mai koyarwa a Amurka, Adeline Masquelier, ta zauna a Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta kuma wallafa nazari a 2002 a kan wannan hanya mai lamba ɗaya da labaran iskokinta, yadda mutanenmu ke ƙaunarta suna tsoronta a lokaci guda.

Ban raina waɗannan labarai ba, da su aka rene ni. Abin da na lura kawai shi ne sun yi wa kowa daɗi. Alhaji mai mota bai sayi sabuwar taya ba, aljana ce. Masu shingen da suka karɓi abin goro suka ɗaga sanda ba tare da sun ƙirga kawuna ba, ƙaddara ce. Fasinjan da ya ce a taka mata ya shafa fatiha ya koma gida. Malamai masu wa'azi da suka yi ƙarfi a garin daga baya sun yaƙi bori da yanka wa iskoki, amma a kan haɗarin mota amsarsu ba ta yi nisa da ta 'yan bori ba: abin da aka rubuta ba makawa. Hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali kowa ya haddace shi, ban dai taɓa jin an jawo shi a kan burki ba. Abin da kawu ya yi bayan rasuwar abokinsa shi ne ya ƙaro laya a jikin madubi. Ya kuma rage gudu na ɗan lokaci, har sai da ya kwana Doso sau da yawa alhaji ya fara ƙorafi.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ta faɗi da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi, kayan gyaran mota a sahun gaba, kuɗin mota kuwa ba ya ninkuwa don talaka ba shi da shi. Sabuwar taya ta zama labari, sai 'yan gwanjo da suka gama aikinsu a Turai, suka sauka Kwatano suka shigo ta Gaya. Ta wannan hanya Hiace ma suka cika tasha. Da yawansu motocin kaya ne, a kai wa mai walda ya yanka tagogi ya jera benci, a ce mutum 19. Kawu ya koma ɗaya daga cikinsu. Ni kuma karatu ya ɗauke ni zuwa Yamai, na zama fasinja.

Yau manyan bas na kamfanoni irin su Rimbo sun kwashe masu doguwar tafiya. Suna da lokacin tashi, suna da tikiti, kowa da kujerarsa, direba kuma ba ya jiran layi. Ƙananan motoci sun koma cin ƙauyuka da kasuwannin mako, Geceme, Dan Kasari, Dogon Kirya, Sukukutan, inda marmara da yashi da kwazazzabai ke karya su. An yi sabuwar dokar hanya a 2014, akwai hukumar ANISER mai kula da lafiyar hanya, ana kuma jin faɗakarwa a rediyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudu na ƙara yiwuwar haɗarin mutuwa da kashi 4. Da an karanta wa kawu wannan zai gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, sannan ya tambaya wa zai biya alhaji.

Gaggawar da na sani a Fijo yanzu ta sauka kan babur. Matasan da a zamaninmu za su zama karnukan mota su koyi tuƙi shekara da shekaru a gefen ubangida, yau kwana kaɗan suke koyo a fili su fito kabu-kabu. Goro da kofi sun ba tramol wuri. Ɗakin masu karaya a kowace likita ya san su.

Kawu ya bar tuƙi da idonsa ya raunana, ya rasu a ɗakinsa. Jikansa ɗaya na kabu-kabu tsakanin Dutsi da Matankari. Babur ɗin na wani mai shago ne, yana kai masa kuɗi kowace yamma, in ya cika adadin da suka yi yarjejeniya babur ya zama nasa. Uwarsa ta ɗaura masa laya a ƙarƙashin sirdi, ni kuma na sayo masa hular kwano daga Yamai. Yana sa ta a cikin gari saboda 'yan sanda. In ya fita gari sai ya cire ya rataya a hannun babur, wai zafi take masa, kuma ba ya jin kiran fasinja.