Kurket, Katin Awo da Sakamakon Ɗanki

'Yar'uwa, na san da wuya ki taɓa zama kallon wasan kurket, don haka bari in fara yi miki bayaninsa a taƙaice. 'Yan wasa 11 ne a kowane ɓangare. Wani yana jefo ƙwallo mai tauri, wani yana tare ta da faffaɗan katako yana tara maki, har sai an fitar da shi. Akwai nau'in da ake gamawa cikin sa'o'i kaɗan, akwai kuma wanda ake kira Test, wanda ƙasashe ke bugawa har tsawon kwana biyar, ana tsayawa cin abincin rana da shan shayi. A Indiya, Pakistan, Ingila da Ostareliya, mutane na ɗaukarsa da zafi kamar yadda maigidanki yake ɗaukar ƙwallon Turai.

Aikin dare ne ya haɗa ni da shi. A asibitin da nake aiki akwai likitoci da masu gwajin jini 'yan Indiya, kuma a ƙarshen 2020 ƙasarsu ta je Ostareliya buga wasanni huɗu. Uku daga ciki suna farawa ne bayan tsakar dare a agogonmu, daidai lokacin da majinyata suka yi barci. Ina cike takardu, su kuma suna gefe da waya suna gardama. Da farko hayaniyar kawai nake ji. Daga baya na fara sauraron abin da suke faɗa game da 'yan wasan, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

A wasan farko a birnin Adelaide, ranar 19 ga Disamba 2020, Indiya ta tashi da maki 36 kacal a zagaye na biyu. Ba ta taɓa samun ƙasa da haka ba a tarihinta na Test, kuma babu ko mutum ɗaya da ya kai maki 10. Ki zo ki ga fuskoki a wurin aiki! Aka ce a kori wane, aka ce wane ya tsufa, aka ce sauran wasanni ukun ma an riga an sha kashi. Ga shi kyaftin ɗinsu, Virat Kohli, ya kama hanyar gida domin matarsa ta kusa haihuwar fari. Wasu suka ce ya gudu ya bar ƙasa cikin kunya. Ni da na sha ganin mace tana naƙuda tana waige-waigen ƙofa ko mijinta ya iso, ban ga laifinsa ba, kuma na faɗa musu haka.

Mutum uku ne suka fi shan baki a kunnena. Na farko Cheteshwar Pujara, wanda aka ce ya cika nawa, yana tsayuwa sa'o'i yana tare ƙwallo ba maki. Na biyu Rishabh Pant, ɗan shekara 23, wanda ba a ma sa shi a wasan farko ba, kuma a birnin Sydney ƙwallo ta kuɓuce masa sau biyu a hannu. Na uku Mohammed Siraj, mai jifa, wanda masu kallo suka daɗe suna yi wa ba'a wai yana rabar da maki kamar sadaka.

Labarin Siraj ne ya fi tsaya mini a rai. Mahaifinsa direban a-daidaita-sahu ne a birnin Hyderabad. Ya rasu a Nuwamba 2020, lokacin da ɗan yake Ostareliya cikin dokokin killacewa na korona. Bai samu halartar jana'iza ba. Shi da kansa ya bayyana cewa mahaifiyarsa ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya zauna ya cika burin mahaifinsa. Da wannan nauyin a ƙirji ya buga Test ɗinsa na farko a Melbourne, inda Indiya ta rama. Mai kallo a waya lamba kawai yake gani a gefen suna. Ba ya ganin wanda ya kwana yana kuka a ɗakin otal.

Aka yi kunnen doki a Sydney, sai wasan ƙarshe a filin Gabba na birnin Brisbane, inda rabon a doke Ostareliya tun 1988. Ciwo ya kwashe manyan masu jifan Indiya, har Siraj mai wasa biyu kacal a bayansa ya zama jagoransu, ya kuma fitar da mutum biyar a zagaye guda. A rana ta biyar, 19 ga Janairu 2021, Indiya ta cimma maki 328 da ake nema. Pujara mai nawa ya tare jifa 211 don maki 56, ƙwallo na dukansa a kai, a haƙarƙari da yatsu, har masu jifan Ostareliya suka gaji. Pant ya ƙarasa aikin da maki 89 ba tare da an fitar da shi ba. Wata guda cif tsakanin ranar kunya da ranar murna. Bakunan da suka ce a kore su, su ne suka kawo mana alawa wurin aiki. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A aikinmu na jinya, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Idan jininki ya hau yau, sai mu ce ki huta, mu sake aunawa, mu kuma ce ki dawo wata rana kafin a kira shi hawan jini. Katin awon jaririnki ma haka yake: layin da ɗigon watanni suka zana muke bi, mu ga yana hawa, ya tsaya, ko yana sauka. Idan ya sauka, tambaya muke yi: ya yi gudawa? An yaye shi? Ke kanki kina samun abinci? Masu gardamar kurket, har da likitocin da suka san wannan ƙa'ida sarai, mantawa suke yi da ita da zarar an kunna wasa.

Mu ma iyaye mata muna mantawa. Yaro ya dawo da sakamakon zango, ya zo na 28 bayan ya saba zuwa na goma, sai gida ya ɗauki zafi. A kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa, a kwatanta shi da ɗan maƙwabta, a kai ƙararsa wurin babansa. Na ga yaran da aka yi wa haka, daga baya aka gano allo ne ba sa gani sai da tabarau, ko ƙarancin jini ke sa su gyangyaɗi a aji, ko wani ne yake ƙwace musu kuɗin tara. Akwai kuma yaro irin Pujara, mai jinkirin ɗaukar karatu amma idan ya riƙe ba ya saki.

Ban ce a kawar da kai ba. Prithvi Shaw, wanda ya ci sama da maki 100 a Test ɗinsa na farko yana ɗan shekara 18, ya samu 0 da 4 a Adelaide, aka ajiye shi, shekaru suka shuɗe bai sake samun gurbi ba. Wani lokaci faɗuwar tana nuna matsalar da ke buƙatar gyara da gaske. Sai dai ba ki da hanyar bambance wannan da tuntuɓen rana ɗaya idan ba ki jera sakamakon zango uku ko huɗu kin duba ba.

Don haka idan takardar ta zo a wannan zangon, ki ajiye ta tukuna, ki ba shi abinci. Ki ɗauko na baya ki haɗa. Ki tambaye shi a keɓe inda yake zama a aji, ko yana ganin allo, da wa yake tafiya makaranta. Ki je ki ga malaminsa, idan da hali ki kai shi a duba idonsa da jininsa. Sannan ki kula da kalmar da za ta fara fita daga bakinki, domin ɗan wasa yana iya kashe wayarsa ya huta da surutun masu kallo, amma ɗanki a ɗakinki yake kwana. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.