Na mari yarona a kan laifin direba

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba, ba kuma zancen albashi ba. Wani abu ne ya faru a gidana tun watan Fabrairu, na daɗe ina juya shi a raina, yau na ce bari in amayar.

Bara na shiga adashi a wurin aiki. Da na kwasa, na shiga birni na sayo laftof ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Turai. Kullum ina kan babur tsakanin Gaya da Ajingi, aikin da ban gama a ofis ba a gida nake ƙarasa shi da daddare. Sannan babban yarona, kun san ba a faɗar sunan ɗan fari, zai zauna JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Ban so ya zama cikin yaran da sai ranar jarrabawa hannunsu yake fara taɓa linzamin kwamfuta.

Ya ɗora wasan ƙwallo a kanta, PES ɗin nan da yara suka haukace a kai. Na sani sarai, na dai kau da kai.

Wata Asabar na bar jadawalin da na kwana biyu ina haɗawa a buɗe, ban adana ba, na tafi sallar isha'i. Ina dawowa na tarar da shi tsaye a kanta jiki na rawa. Allon ya koma shuɗi, da rubutun Turanci a jiki. Ta kashe kanta ta sake tashi, abin da ta dawo min da shi bai kai rabin aikin ba, ga shi Litinin zan miƙa. Ban tambaye shi komai ba. Na mare shi a gaban ƙannensa, yaron da rabona da ɗaga masa hannu tun yana firamare.

Na kai ta wurin wani mai gyara. Ko kunna ta bai gama yi ba ya ce, "Alhaji, ai gem ɗin nan ne ya sa mata bairos, sai an wanke ta." Na ce a wanke. Aka wanke har da hotunan marigayiya mahaifiyata da ba ni da su a ko'ina. Wannan kam laifina ne, ni ne ban kwafe ba, shi ma bai tambaya ba. Na dawo gida na kafa doka: duk wanda ya ƙara sa wasa a na'urar nan, ni da shi ne.

Kwana tara lafiya lau. A na goma ina cikin wani taro ta bidiyo, allon ya yi baƙi ƙirin, ya dawo, ya sake yi, sai ga shuɗin nan. Babu gem, babu yaro, ni kaɗai ne a ɗakin.

Da daddare uwarsa ta same ni ta ce, "Malam, yaron nan fa yana da magana, tsoronka yake ji." Ya shigo ya durƙusa da littafin lissafinsa. A bangon baya ya rubuta duk ranar da abin ya taɓa faruwa, da lokaci, tun kafin marin. Ya ce, "Baba, ba bairos ba ne, direba ne." Na ce wane direba kuma, mota muke da ita?

Ga yadda ya fahimtar da ni, na kuma bincika daga baya na tarar haka ne. A cikin kwamfuta akwai katin da aikinsa zana duk abin da ido yake gani a allo. Kamfanoni uku ne suka fi yin sa: Intel, AMD da NVIDIA. Direba kuwa wata 'yar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin Windows da katin. Irin tamu kati biyu gare ta, ƙarami mai aikin yau da kullum, da babba da ba ya farkawa sai an zo aiki mai nauyi. Shi ya sa rubutu da lissafi suke tafiya sumul, amma ana kunna ƙwallo sai ta tsaya. Windows tana ba katin daƙiƙa 2 ya amsa. In bai amsa ba sai ta sake tayar da direban, wannan shi ne baƙin da allo yake yi ya dawo. In tayarwar ta ƙi, ko abin ya yi ta maimaituwa, sai ta sallama, shuɗi ke nan. Wasan bai ɓata komai ba, asiri kawai ya tona.

Hujjar da ta kashe min baki ita ce wannan: a littafinsa, matsalar ba ranar da ya sa gem ta fara ba, washegarin ranar da na jona laftof ɗin da intanet ɗin wayata ta fara. Bayan wankewar ma haka, a kwana na tara na jona ta. Da ta ga intanet sai ta sauko da sabon direba da kanta, shi kuma bai jitu da tsohon katinmu ba. Ya buɗe wani wuri da ake kira Event Viewer, inda kwamfuta take rubuta duk abin da ya same ta, ya nuna min gargaɗi mai lamba 4101 daidai mintin da taron nan ya katse min.

Ga mai irin wannan matsala, ga abin da ya yi ina zaune ina kallo. Da farko ya shiga Device Manager ya gwada mayar da direban baya, maɓallin ya ƙi dannuwa. Sai ya jira garaɓasar datar dare, don fayil ɗin ya kusa cinye min datar wata, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ya sa lambar samfurinta da ke manne a ƙasa, ya sauko da tsohon direban da aka yi dominta. Ya kashe intanet, ya tayar da ita a Safe Mode, ya goge na cikin tas da wata manhajar kyauta mai suna DDU, sannan ya ɗora wancan. Ya ce kashe intanet ɗin nan shi ne sirrin, in ba haka ba kafin ka juya ta sake jawo wanda ka kora. A ƙarshe ya hana ta canza direba da kanta.

Ya ƙara min da wani bambanci. In allo ya yi baƙi ya dawo, a fara zargin direba. In kuwa ta mutu ɗif ba sallama, ga fanka na ihu, to zafi ne ko caja. Da muka buɗe bayanta, ƙurar hunturun da ta toshe fankar sai ka ce auduga. Ni kuma a kan katifa nake ɗora ta, na rufe mata hanyar shan iska.

Abin da ya sa na kawo zancen nan: a watan Mayun 2025 duk mun ga shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, yana hawaye a gaban 'yan jarida, saboda tangarɗar na'ura ta taɓa sakamakon ɗalibai kusan 380,000. Kafin ya fito ya amsa, iyaye nawa ne suka zagi 'ya'yansu a kan sun ƙi karatu? A lokacin har rubutu na yi a nan ina cewa a riƙa bincike kafin a yanke wa yara hukunci. Wasunku sun yi ta yabawa. Sai ga ni da digirina, yaro ɗan shekara 16 yana tara hujja a bangon littafi, ni kuma hannu na fara ɗagawa. Ga shi ana ta batun mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. A ƙauyukanmu na Ajingi, ranar da allo ya yi shuɗi a ɗakin jarrabawa, wa za a fara zargi?

Yau mako shida ke nan ba ta sake yi ba. Na ɗage dokar, Asabar da Lahadi bayan la'asar, awa ɗaya, a kan teburi.

Haƙurin ne ya yi min nauyi a baki. Na yi kwana uku ina shirya kalmomin a kan babur, in na iso gida su gudu. Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci, mu biyu kawai, na ce masa, "Marin nan, ban kyauta ba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Muka yi shiru har ƙofar gida. Sai ya ce wai akwai manhajar da take iya dawo da hotunan da aka goge, ba lallai a dace ba tunda an yi ta rubutu a kai, amma in na yarda zai gwada na Hajiya.

Yana kai tun jiya. Ya zuwa yanzu guda huɗu sun fito.